Kalmar "riot" ta Ingilishi: tambayoyi da amsoshi kan ma'anarta da yadda ake amfani da ita

Na yi shekaru ina koya wa matasa fassarar labarai daga Ingilishi zuwa Hausa, kuma babu kalmar da ta fi jawo mana musu a aji kamar *riot*. Haruffanta huɗu ne kacal, amma idan mai fassara ya yi mata gaggawa, sai ya ɗora wa jama'a laifin da ba su aikata ba, ko kuma ya wanke waɗanda suka yi ɓarna. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kanta.

Malam, mece ce ainihin ma'anarta?

Tarzoma. Wato taron mutane ya harzuƙa, ana jifa, ana ƙone-ƙone, ana fasa shaguna, ana arangama da jami'an tsaro ko da wani taron. Dole a sami yawan mutane, kuma dole a sami tashin hankali ko barazanarsa ƙarara. Mutum ɗaya ba ya yin *riot* komai fushinsa. Mutum biyu da suka kaure da dambe a tasha faɗa suke yi. Mutum dubu goma da suka fito da kwalaye suna tafiya cikin lumana su ma ba *riot* suke yi ba.

Gaɓa biyu gare ta wajen furuci, kamar ka ce "ra-yat". Tana zuwa a matsayin suna, jam'inta *riots*, tana kuma zuwa a matsayin aikatau: *they rioted*, sun yi tarzoma. *Rioter* shi ne ɗan tarzoma.

Ashe ba zanga-zanga ba ce?

Ba ita ba ce, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi damuna. Zanga-zanga a Ingilishi *protest* ce ko *demonstration*. Haƙƙi ce: sashe na 40 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya bai wa kowa 'yancin taruwa da sauran mutane. Tarzoma kuwa laifi ce da ake gurfanar da mutum a kotu a kanta. Mai fassarar da ya musanya su ya mai da mai haƙƙi mai laifi da alƙalaminsa.

Abin da ke kawo ruɗani shi ne, sau da yawa ɗaya ke rikiɗewa ta zama ɗaya a rana guda. Ku tuna zanga-zangar tsadar rayuwa da aka fara ranar 1 ga Agusta 2024. A Kano dubban mutane sun fito suna kukan yunwa da tsadar fetur, wannan zanga-zanga ce. A ranar kuma wasu sun fasa gine-gine sun kwashi kaya, har gwamnatin jihar ta sa dokar hana fita ta awa 24, wannan ɓangaren tarzoma ne da wawaso. Labarin da ya kira ranar gaba ɗayanta tarzoma ya zalunci magidancin da ya fito don buhun shinkafa ya fi ƙarfinsa. Wanda ya kira ta zanga-zangar lumana zalla ya zalunci wanda aka fasa wa wurin neman abinci. Hausa tana da jimlar da ta warware wannan tun tuni: "zanga-zangar ta rikiɗe ta zama tarzoma". Ita nake so ɗalibaina su riƙe.

To bore, tawaye, rikici da yamutsi fa? A ina kowacce ta tsaya?

Bore shi ne talakawa ko na ƙasa su ƙi bin umarnin na sama, su tashi masa. Ya fi kusa da *revolt* ko *uprising*. Tawaye ya fi nauyi, akwai shiri da shugabanci, galibi da makamai, shi ne *rebellion*, kuma idan sojoji ne suka juya wa manyansu baya Turawa kan ce *mutiny*. Arangama ita ce *clash*. Yamutsi da hargitsi da hatsaniya suna bayyana ruɗewar wuri ne, ba lallai da niyyar ɓarna ba. Kasuwa kan yamutse don saniya ta tsinke. Rikici kuwa babbar riga ce, tana rufe komai, daga saɓanin gado har zuwa yaƙi, kuma ta fi dacewa da *crisis* ko *unrest*.

'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da ke fassara daga Faransanci suna da irin wannan rabon: *émeute* ita ce tarzoma, *manifestation* ita ce zanga-zanga.

Daga ina kalmar ta samo asali?

Daga tsohon Faransanci, inda *riote* ke nufin gardama ko cacar baki. Ta shiga Ingilishi a wajen ƙarni na 13, kuma a lokacin ba tarzoma take nufi ba. Sharholiya take nufi: shaye-shaye, almubazzaranci, rayuwar da babu linzami. Ma'anar tashin hankalin taro ta bayyana ne daga baya, a ƙarshen ƙarni na 14. Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. A fassarar Baibul ta Ingilishi ta 1611, a labarin ɗan da ya karɓi rabonsa na gado ya tafi ƙasa mai nisa, an ce ya lalatar da dukiyar da *riotous living*. Babu wanda ya jefi kowa a wannan labarin. Holewa ya yi har kuɗin suka ƙare. Duk wanda ya gane cewa jigon kalmar shi ne tsinke linzami, sauran ma'anoninta ba za su ba shi wahala ba.

A doka, mutum nawa ne sai sun taru kafin a ce tarzoma ce?

Ya danganta da ƙasa, a Najeriya ma ya danganta da yanki. A Ingila da Wales, dokar kiyaye zaman lafiyar jama'a ta 1986 ta ce mutum 12 ko fiye, masu manufa ɗaya, kuma hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara 10. Idan ba su kai 12 ba amma sun kai 3, wani laifin ne daban mai hukunci mafi sauƙi. Dokar tarayyar Amurka ta tsaya a kan mutum 3.

A kudancin Najeriya, kundin laifuffuka da aka gada daga Turawa shi ma mutum 3 ya ce. A Arewa kuwa, dokar final kod ta ce haramtaccen taro yana farawa ne daga mutum 5, kuma idan taron ya yi amfani da ƙarfi ya zama tarzoma. Wannan adadi na 5 ya yi doguwar tafiya kafin ya iso mu: an tsara final kod ne a kan dokar Sudan, ita kuma ta Sudan an ɗauko ta daga dokar Indiya ta 1860. Abin lura ga iyaye shi ne, a irin waɗannan dokoki ba sai yaro ya yi jifa da hannunsa ba. Kasancewarsa cikin taron, da saninsa da manufar taron, na iya isa a tuhume shi tare da waɗanda suka yi.

Na ji ana cewa *read the riot act*. Wace doka ce ake karantawa?

A yau babu dokar da ake karantawa. Ma'anar ita ce a ja wa mutum kunne da kakkausar murya, a yi masa kashedi na ƙarshe. Shugabar makaranta za ta iya yi wa ɗalibai, koci zai iya yi wa 'yan wasansa a lokacin hutun rabin lokaci. A Hausa sai mu ce ta ja musu kunne, ko ya wanke su tas.

Amma da can doka ce ta gaske, kuma mai tsanani. Bayan Sarki George na Ɗaya ya hau gadon sarautar Birtaniya a 1714, an yi ta tashe-tashen hankula a garuruwan Ingila daga masu ƙin sarautarsa. Sai majalisa ta yi dokar tarzoma, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 1715. Idan mutum 12 ko fiye suka taru suna tayar da hankali, majistare ko magajin gari zai tsaya gabansu ya karanta shela da sunan sarki cewa kowa ya watse ya koma gida ko wurin sana'arsa. Daga nan suna da awa ɗaya. Wanda ya rage bayan awar ya aikata laifin da hukuncinsa kisa ne, kuma doka ta kare jami'in da ya kashe shi ko ya ji masa rauni wajen tarwatsa taron.

Matsalar ita ce, wa zai ji muryar mutum ɗaya cikin dubbai? Ranar 16 ga Agusta 1819 kimanin mutum 60,000 suka taru a wani fili a Manchester don neman a gyara tsarin zaɓen majalisa. Hukuma ta ce an karanta shelar, da yawa daga waɗanda ke wurin suka ce ba su ji komai ba. Mahaya dawakai suka afka wa taron da takubba, aka kashe aƙalla mutum 15, ɗaruruwa suka jikkata. Tarihi ya san ranar da sunan kisan Peterloo. An soke dokar a Ingila a 1967, karin maganar ya ci gaba da rayuwa.

A labarin ƙwallo na ga an ce wata ƙungiya ta *run riot*. Magoya baya ne suka tayar da tarzoma?

A'a, kuma na sha ganin an fassara shi haka a shafukan sada zumunta, mutane suna ta tambayar ko an ji wa wani rauni. Abin da ake nufi shi ne ƙungiyar ta ci karenta babu babbaka, ta yi wa abokiyar karawarta ruwan ƙwallaye. Irin abin da Jamus ta yi wa Brazil ke nan a gasar cin kofin duniya ta 2014, ci 7 da 1.

Asalin furucin daga farauta yake. Idan karnukan farauta suka bar sawun dabbar da aka sa su bi, suka bazama bin ƙanshin wata, mafarautan Ingila kan ce sun yi *run riot*. Duk wanda ya taɓa bin 'yan farauta daji da rani ya san yadda kare ke yi idan zomo ya gifta masa. Daga nan aka faɗaɗa shi zuwa duk abin da ya ƙwace: yara a gidan biki, ciyawa a gonar da ba a nome ba, cuta a gari, har tunanin mutum idan ya tafi ba birki.

*A riot of colour* da *she is a riot* fa?

Na farko yabo ne ga launuka masu yawa da suka cakuɗe suna ɗaukar ido, kamar kwalliyar dawakai a hawan daushe, ko layin 'yan atamfa a Kantin Kwari. Na biyu yana nufin tana da barkwanci, tana kashe mutane da dariya. Babu ɗayansu da ya shafi tashin hankali.

Wa ke yanke hukuncin cewa abin da ya faru *riot* ne?

Yawanci wanda ke riƙe da mulki, shi ke fara raɗa suna, kuma sunan kan daɗe a littattafan makaranta. Wannan ce tambayar da na fi so a yi mini, domin a nan ne kalmar ke da nauyi.

A Nuwamba 1929, a garin Oloko da ke ƙasar Ibo, wani ɗan aiken sarkin da Turawa suka naɗa ya shiga gidan wata mata mai suna Nwanyeruwa don ƙidayar mutane da dabbobi. Mata suka fahimci cewa shirin ɗora musu haraji ake yi. Cikin 'yan makonni dubban matan Ibo da Ibibio da maƙwabtansu suka tashi, suka kewaye gidajen sarakunan, suka rushe kotunan gargajiya da dama, suka fasa wasu kantunan Turawa. Sojoji da 'yan sanda suka buɗe wuta, aka kashe mata fiye da 50. Turawan mulkin mallaka suka rubuta abin da sunan *Aba riots*, tarzomar Aba, kamar wani hauka ne ya taso wa matan kasuwa. Su matan da harshensu Yaƙin Mata suka kira shi. Suna da shugabanni, suna da buƙatu bayyanannu, sun ba da shaida gaban kwamitin bincike, kuma bayan haka sai da aka sauya tsarin naɗa sarakunan. Masana tarihi da yawa a yau sunan da matan suka raɗa suke amfani da shi.

A Amurka, daren 31 ga Mayu zuwa 1 ga Yuni 1921, gungun fararen fata ɗauke da makamai suka afka wa unguwar Greenwood a birnin Tulsa, unguwar baƙaƙen fata masu arziki. Sun ƙone gidaje fiye da 1,000. Hukuma ta rubuta mutum 36 sun mutu, binciken da jihar Oklahoma ta kammala a 2001 ya nuna adadin na iya kaiwa 300. Shekara da shekaru ana kiran abin *race riot*, sunan da ke sa mai karatu ya zaci ɓangarori biyu ne suka gwabza. Sunan ya cuci mutanen har a aljihunsu, domin kamfanonin inshora sun ƙi biyan diyya da hujjar cewa yarjejeniyarsu ba ta shafi ɓarnar tarzoma ba. Yanzu *massacre* ake cewa, kisan kiyashi, kuma shi ne gaskiyar abin da ya faru.

A Masar ma, da gwamnati ta janye tallafin burodi da sauran kayan masarufi a Janairu 1977, jama'a suka cika tituna kwana biyu, mutum fiye da 70 suka mutu, aka mayar da tallafin. Talakawa suka kira shi boren burodi. Shugaba Anwar Sadat ya kira shi boren ɓarayi.

Ba ina cewa duk inda aka ce *riot* ƙarya ake yi ba. Akwai tarzoma ta gaske, wadda ake ƙone shagon bawan Allah ana kashe matafiyi don yarensa ko addininsa, kuma ba ta da wani suna mai daɗi da ya dace da ita. Abin da nake nema ga mai fassara shi ne ya tambayi kansa bakin wa kalmar ta fito. Bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a Amurka a 2020, kamfanin dillancin labarai na AP ya shawarci 'yan jaridarsa su yi hattara da ita, su yi amfani da *unrest* inda ba a kai ga tarzoma sosai ba, saboda an sha amfani da kalmar wajen shafa wa masu koke kashin kaji.

Me ya sa littattafan Ingilishi ke cewa *Kano riot* na 1953 da *Maitatsine riots*, mu kuma muke cewa rikici?

Na 1953 ya cika sharuɗɗan kalmar. Bayan ɗan majalisa Anthony Enahoro ya kawo ƙuduri a farkon 1953 cewa a ba Najeriya mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ƙi amincewa da sa rana, aka yi musu ihu a Legas. Da tawagar 'yan siyasar kudu ƙarƙashin Samuel Akintola ta shirya zuwa Kano a watan Mayu don tallata ƙudurin, sai faɗa ya ɓarke tsakanin mutanen birni da na Sabon Gari har kwana huɗu. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 36 suka mutu, fiye da 200 suka jikkata. Wannan tarzoma ce, kuma tana cikin dalilan da suka kai ga tsarin tarayya na 1954.

Na Maitatsine kuwa ya wuce nan. A Disamba 1980 mabiyan Muhammadu Marwa sun yi sansani a unguwar 'Yan Awaki da ke Kano, sun fi ƙarfin 'yan sanda, sai da aka kawo sojoji, kuma mutum fiye da 4,000 suka rasa rayukansu. Shi ya sa wasu marubutan Ingilishi ke zaɓar *uprising*. Mu kuma da muke cewa rikicin Maitatsine, a ganina muna fakewa ne a bayan kalmar da ba ta nuna yatsa ga kowa, wataƙila saboda ciwon na cikin gida ne. Ladabi ne, amma a rubutun tarihi yana iya rage wa abin girmansa.

'Yan sanda za su iya yin *riot*?

Za su iya. A Agusta 1968, lokacin babban taron jam'iyyar Democrat a Chicago, 'yan sanda sun yi ta dukan masu adawa da yaƙin Vietnam da 'yan jarida da 'yan kallo da kulake. Rahoton binciken da lauya Daniel Walker ya jagoranta ya kira abin *police riot*. Kada a rikita shi da *riot police*, waɗanda su ne 'yan sandan kwantar da tarzoma, mopol a bakin mutanenmu, masu garkuwa da hular kwano da barkonon tsohuwa.

Gaskiya ne Martin Luther King ya goyi bayan tarzoma?

Bai goya ba. Abin da ya faɗa, a wata hira da gidan talabijin na CBS a 1966 da kuma jawabinsa a jami'ar Stanford a 1967, shi ne tarzoma harshen waɗanda ba a saurara ne. Ana yawan yanko wannan jimlar ita kaɗai. A jawabin ya ce tarzoma tana lalata al'umma kuma tana cutar da masu yin ta, ya kuma ce ba daidai ba ne ya la'anci tarzoma ya yi shiru a kan talauci da wariyar da ke haifar da ita. Ni ma a nan na tsaya. Wanda aka ƙone wa shago yana da haƙƙin a hukunta wanda ya ƙone, kuma hukumar da ta toshe kunnenta shekara da shekaru tana da nata kason na alhakin.

Idan aka lalata wa mutum dukiya a tarzoma, wa ke biya?

A Ingila, tun dokar 1886, hukumar 'yan sandan yankin ce ke biyan diyya, bisa fahimtar cewa aikinta ne ta hana. Bayan tarzomar Agusta 2011, wadda ta faro daga unguwar Tottenham a Landan bayan 'yan sanda sun harbe wani mutum mai suna Mark Duggan, an sake dokar a 2016 aka ƙayyade diyyar kowace buƙata a kan fam miliyan 1. A can, ke nan, kiran abu *riot* a hukumance yana da farashi. A wajenmu ɗan kasuwar da ke da inshora ya karanta takardarsa da kyau, domin inshorar gobara ta yau da kullum ba lallai ta ɗauki ɓarnar yajin aiki da tarzoma ba sai an ƙara wannan sharaɗin an biya kuɗinsa.

Na ci karo da *ryot* a wani littafin tarihin Indiya. Kuskuren rubutu ne?

Ba kuskure ba ne, wata kalma ce daban, furucinsu ne kawai ya zo ɗaya. *Ryot* manomi ne talaka mai biyan harajin gona a Indiya zamanin mulkin Ingilishi. Ta shiga Ingilishi ta harsunan Indiya da Farisanci, tushenta kuma Larabci ne, *ra'iyya*, wato talakawan da ke ƙarƙashin kiwon shugaba, kalmar da ɗalibai suka sani daga hadisin da ya ce kowannenku makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.